Yadda ake auna taurin robar silikon mai daskarewa da haske

Masu gyaran salula a Babbar Kasuwar Maradi sun san gam ɗin da ake haska wa fitilar UV ya kama. Akwai silikon mai irin wannan hali: yana zuwa da kauri kamar zuma, haske ya mai da shi roba. Yawancinmu da yatsa muke gwada ko ya nuna, alhali yatsa saman kawai yake ji.

Fara da shiga ɗaki ka rufe taga, domin hasken rana kansa zai soma daskarar da shi kafin ka kunna fitila. Zuba shi a ƙananan mazubai biyar, kaurin kowanne milimita 6, kamar yadda ƙa'idar awon taurin roba ta ASTM D2240 ta nema. Kada ka taɓa shi da safar hannu ta robar latex. Farar wutar da ke jikinta tana kashe sinadarin filatinam da wasu nau'o'in ke dogara da shi, sai ka ga wurin ya ƙi kamawa sam.

Sa tabarau mai tare UV. Kafa fitilar, galibi mai nanomita 365 (ma'aunin irin hasken da take fitarwa ke nan), a tazara ɗaya ga duka. Na farko ka haska masa daƙiƙa 10, na biyu 20, ka riƙa ninkawa har 160.

Sai awo, da duromita mai mizanin Shore A, wato ƙaramin agogo mai tsinke a gindi da ke nuna 0 zuwa 100. Ɗora robar kan gilashi, danna agogon a miƙe, milimita 12 daga baki. Auna wuri biyar, ka ɗauki lambar tsakiya. Daga nan ka kifa robar ka auna ƙasanta, nan asirin yake tonuwa: sama tauri, ƙasa lugub, alamar haske bai ratsa ba.

Nau'in filatinam yana ci gaba da tauri bayan an kashe fitila, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ƙa'ida ta ce a auna a digiri 23, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Saboda haka ka yi aikin da sassafe, ka rubuta zafin ɗakin, ka maimaita awon washegari.

Mazubin da lambarsa ta daina hawa, sama da ƙasa suka zo ɗaya, lokacinsa za ka riƙe. In ka canza fitila ko kauri, sai ka sake gwajin daga farko.