Yadda ake farautar barewa a Wisconsin lokacin hutun Thanksgiving, daga yankar lasin har nama ya shiga tukunya

Shekarata ta farko a jihar Wisconsin ta Amurka, wata Juma'a cikin Nuwamba na je wurin aiki na tarar kusan rabin maza basa nan, na ce ko rasuwa aka yi ne, aka yi min dariya aka ce ai gobe ake buɗe farautar barewa. Kwana 9 ake yi da bindiga, daga Asabar ɗin da ke zuwa kafin Thanksgiving, wato bikin godiya na Amurkawa, zuwa Lahadin bayanta, kuma mutum sama da rabin miliyan ne ke shiga daji. Wani dattijo manomi maƙwabcinmu ne ya fara jana, yanzu ga shi ni ma duk shekara sai na je. To ga yadda abin yake ga wanda ke nan kuma yake sha'awa.

Abu na farko takardu, kuma tun Satumba zaka fara ba sai ana gobe ba. Nan ba kamar gida bane da za a buga gangar farauta kowa ya ɗauko gora da karnuka a bi sarkin dawa. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 zuwa yau sai ya yi kwas na koyon farauta kafin a sayar masa da lasin, in kuma baka samu yi ba akwai tsarin da zaka bi wani gwani ya zama ubangidanka a dajin, amma da sharaɗin kana kusa da shi inda hannunsa zai kai gareka. Lasin ɗin a shafin Go Wild na hukumar DNR mai kula da albarkatun ƙasa a jihar ake saya, dala 24 ne ga mazaunin jihar. Da shi kana da izinin namiji ɗaya mai ƙaho, ta macen kuwa ya danganta da yankin da zaka je. Ɗalibai da masu bizar zama na wucin gadi ku kula, dokar tarayya ta hana ku riƙe bindiga sai in akwai lasin farauta mai aiki a hannu, don haka lasin kafin bindiga, ko ta aro ce.

Sai wurin da zaka yi. Akwai dazuzzukan gwamnati kamar Chequamegon-Nicolet can arewa, kowa na iya shiga, sai dai ranar farko cunkoso kamar kasuwar Kurmi. Gonar wani ta fi, amma sai ka nemi izini baki da baki, shiga ba izini laifi ne kuma mutanen karkarar nan basa wasa da iyakar gona. Ka je tun da wuri ka zaga, ka nemi sawu da kashinta da inda namijin ya goge ƙahonsa a jikin ƙananan itatuwa ya sale ɓawon, yawanci tsakanin gonar masara da duhuwar da suke kwana.

Kaya kuma, doka ce rabin abin da ka sa daga ƙugu zuwa sama ya zama ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙyalli, har hula in ka sa. Ita barewar bata rarrabe kalar sosai, ɗan uwanka mafarauci ake so ya hango ka kar ya ɗirka maka. A ciki ka jera kaya hawa uku, safa mai kauri, safar hannu, fulas na shayi, tocila, wuƙa mai kaifi da igiya. Turare kuwa ka manta da shi kwata-kwata, ni na fesa nawa ranar farko kamar mai zuwa masallacin Juma'a, dattijon nan tun daga bakin mota ya shinshina ya girgiza kai, kuma wallahi ranar ko wutsiya ban gani ba. Hancinta ya fi idonta, saboda haka ka zauna iska tana bugun fuskarka, kar ta kwashi warinka ta kai mata.

Ranar fita ka yi asuba da wuri ka kasance a mazauninka tun da duhu. Ana halatta harbi daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 20 bayan faɗuwarta. In kan bishiya zaka hau ka ɗaura bel ɗin tsaro, bindigar kuma ka jawo ta da igiya ba harsashi a ciki, faɗowa daga sama na raunata mutane sosai a harkar nan. Daga nan sai zama. Awa uku, awa huɗu, yatsun ƙafa sun daina jin komai, kurege ya taka busasshen ganye gabanka ya faɗi ka ɗauka ita ce, ita kuwa in ta zo ko motsinta ba zaka ji ba sai dai kawai ka ga abu tsaye. Kar ka ɗora yatsa a kunama sai ka tabbatar da abin da kake gani da kuma abin da ke bayansa. Ka auna bayan ƙarfata kaɗan, wurin huhu da zuciya, ka ce bismillahi Allahu akbar sannan ka harba.

Bisimillar nan ita ce yankanka in ta mutu kafin ka iso, haka ya zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim game da farauta, kuma malamai da yawa sun sa bindiga cikin hukuncin tunda harsashi na huda jiki ya zubar da jini. In ka same ta da sauran rai to sai ka yanka kamar yadda zaka yanka akuya. Amma kar ka tashi da gudu ka bi ta, ka ba ta kamar rabin awa ta kwanta, sannan ka bi ɗigon jini a hankali, in an yi dusar ƙanƙara ma abin ya zo da sauƙi.

Kayan ciki a nan dajin ake fitarwa don naman ya huce da wuri, wanda ya saba fiɗar ragon layya ba abin da zai ba shi wahala, kawai a kiyaye tumbi da mafitsara kar su fashe. Ka yi mata rajista ta waya ko intanet kafin ƙarfe 5 na yamman washegari. Sannan ka kai kan a gwada cutar CWD mai taɓa ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002, gwajin kyauta ne, naman ya jira a firiza har sakamako ya fito, in tana da ita hukumomin lafiya sun ce kar a ci.

Wurin da 'yan uwa musulmi suka fi faɗawa rami shi ne wurin mahauta. Naman barewa ba shi da kitse, to al'adarsu in za su niƙa ko su yi sosej sai su haɗa da kitsen alade, ba da mugunta ba, haka kowa ke so a nan. Wasu kuma suna haɗa naman mutane da yawa su niƙa tare. Ni dai tun shekara ta biyu a gareji nake ratayewa in yi abina, sanyi ya isa ya riƙe ta kwana biyu, yara na riƙe leda uwargida na rubuta cinya ko haƙarƙari a jiki.

Ranar Alhamis ta Thanksgiving yawanci da safe kawai ake fita, azahar kowa ya dawo gida. Gidan dattijon cika yake da 'ya'ya da jikoki, jaket masu ruwan lemo rataye ko'ina a bakin ƙofa, talotalo a tanda, maza na kallon ƙwallon Amurka suna musun wanda ya ɓarar da harbi shekara goma da suka wuce. Mu namu gudummawar tsire ne, naman gadon baya na yanka siriri na shafa mai da yajin ƙuli, in dai ka bari ya daɗe a wuta zai bushe kamar fata don haka minti kaɗan ya isa. Ka ware wa mai gonar cinya guda, in kuma ka samu ta biyu firiza ta cika akwai mahautan da ke karɓar barewa sukutum a raba wa mabuƙata, sai ka kira su tukuna ka ji ko suna karɓa a ranar.