Motarka na tafasa? Duba switch ɗin fanka kafin a yi maka "dairek"

Duk shekara da zarar an shiga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a su Sakkwato da Maiduguri da Kano, za ka ga motoci a gefen titi an ɗaga bonet hayaƙi na tashi, yawanci su Golf 3 ne da Vectra da Carina E da tsofaffin Honda. Kuma kana kai wa wasu bakanikai maganar ɗaya ce, a cire tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya yi zafi) a yi wa fanka dairek, wato a haɗa ta da wuta kai tsaye ta yi ta juyawa ba tsayawa, shikenan. Ni dai gaskiya wannan abu yana ci min rai, domin sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙaramin switch ne ko rile (makunnin da ke sakar wa fanka wuta) ko fiyus, kuma kai da kanka za ka iya ganowa da ɗan guntun waya.

Kafin komai, in allurar zafi ta doshi ja ka samu waje ka tsaya, kar ka ce bari na lallaɓa na ƙarasa gida, wannan lallaɓawar ce ke ƙona gaskit. Kuma don Allah kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan ciki yana matse ne ya wuce digiri 100, kana murɗawa zai feso maka a fuska da hannu. Ka ba shi kamar minti 30 ko fiye. Kar kuma ka ɗauko ruwan sanyi ka kwara wa inji, kan silinda na alminiyam ne a yawancin motocin nan, yana iya karkacewa ko ya tsage.

Da ta huce, tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce yaushe take zafin. In a kan babban titi lafiya lau take, amma kana shiga cunkoso ko ka tsaya a danja sai allura ta fara hawa, to kusan ko da yaushe maganar fanka ce, saboda a guje iska da kanta take ratsa lagireto, a tsaye kuwa sai fanka. In kuma akasin haka ne, a cikin gari ba komai amma ka kama hanyar Zariya ka taka ta sai ta ɗau zafi, to kar ka wahalar da kanka da switch, ka nemi lagireton da ya toshe ko watafamfon (famfon da ke zagaya da ruwa a inji) da ya gaji ko tamostat da ba ya buɗewa sosai.

Sai ka duba ruwa. Wannan na da muhimmanci fiye da yadda mutane ke ɗauka, domin switch ɗin nan zafin ruwa yake ji, in ruwa ya yi ƙasa ko iska ta taru a inda yake to ba zai kunna fanka ba ko da injin na dahuwa. Ka cika, ka duba ƙarƙashin mota da bakin tiyo-tiyo ko akwai ɗiga.

To yanzu ga ainihin aikin. A Golf 2 da Golf 3 switch ɗin a jikin lagireto yake an ɗaure shi da zare, mai ƙafa biyu ko uku. A tsofaffin Honda Accord kuwa a gidan tamostat za ka same shi. Aikinsa ɗaya ne, ruwa ya kai wani zafi ya haɗa wuta, ya sauka ya yanke. In ka goge jikinsa za ka ga lambobi, na Golf mai ƙafa uku yawanci 95-84 da 102-91 ake rubutawa, wato ƙaramin gudu zai tashi a digiri 95 ya tsaya a 84, babban gudu ya tashi a 102 ya tsaya a 91. Ka zare soket ɗin, ka kunna makulli, ka ɗauki guntun waya mai ɗan kauri ka haɗa ramuka biyun da ke cikin soket ɗin, hannunka da hannun rigarka nesa da fanka fa, a Golf ma ko makulli a kashe tana iya tashi. In fanka ta juya to motar fankar lafiya, fiyus lafiya, waya lafiya, laifin na switch ne. A mai ƙafa uku, ɗaya ce mai kawo wuta, ka haɗa ta da kowace cikin biyun, ya kamata ka ji gudu biyu daban-daban, in babban kaɗai ya yi aiki to razistan ƙaramin gudu ne ya ƙone, kuma irin wannan motar ce za ka ga sai allura ta kusa ja sannan fanka ta taso da ƙara.

Masu tsohuwar Corolla da Carina E ku lura, naku a juye yake. Switch ɗin Toyota na wancan zamanin a haɗe yake in inji na da sanyi, zafi ne ke raba shi, don haka kai zare soket kawai za ka yi da makulli a kunne, fanka ta tashi. In ka zare ba ta tashi ba to matsalar na gaba, ba switch ba ne. Motocin da suka zo daga wajen shekarar 2000 zuwa sama kuma da yawansu ba su da wannan switch ɗin ma, sensa ce ke gaya wa kwamfutar mota ita kuma ta ba rile umarni, a da yawa daga cikinsu in ka zare sensar fanka za ta tashi da kanta. Wata hanya mai sauƙi, in AC ɗinka na aiki ka kunna shi, a yawancin motoci fanka na bin sa.

In ka yi duk wannan shiru, je ka akwatin fiyus. Na fanka babba ne, sau da yawa 30 ne ko sama, in ya ƙone ka sa irinsa daidai, kar ka yarda a naɗa maka silin waya a wajen, da haka wayarin mota ke kamawa da wuta. In sabon ya sake ƙonewa nan take to motar fankar ce ke jan wuta fiye da ƙima ko waya ta goge tana taɓa bodi. Rile kuma ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, kamar na hon, ka gani. Daga nan sai ka ja waya biyu daga batir kai tsaye zuwa fankar. Ba ta juya ba, ko sai ka ɗan ƙwanƙwasa ta sannan ta motsa, burushinta ya cinye. Ka duba wayar at ma, wato wadda aka ɗaure a jikin bodi, tsatsa a nan kaɗai na iya kashe fanka. Sannan in an taɓa canja maka fanka, ka sa takarda a gaban lagireto, ya kamata ta manne, in tana turo ta waje to rewaya ya juya wayoyin, fanka na ta ihu amma faɗa take da iskar hanya.

Akwai inda switch ke shan zargi alhali ba ruwansa. In tamostat ya maƙale a rufe, ruwan zafi ba ya isa lagireto, switch ɗin da ke jikin lagireto bai san ana yi ba. Ka taɓa manyan tiyo biyun a hankali bayan inji ya ɗau zafi, in ɗaya ba ya taɓuwa ɗayan kuma sanyi ƙalau, tamostat ne. Ka ciro shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya fara buɗewa a lambar da ke jikinsa, 82 a yawancin Toyota, 87 a Golf. Switch ma haka ake gwada shi da mita a ruwan zafi, sai dai matakin 102 ba zai kama a tukunya ba tunda ruwa zalla a buɗe ba ya wuce 100, kar ka yar da mai kyau saboda haka.

Abin da ya sa nake adawa da dairek, fanka ba a yi ta don ta yi ta juyawa daga Kano har Abuja ba, burushi zai cinye da wuri, altaneta na shan wahala, kuma ranar da ta mutu ba za ka lura ba sai hayaƙi ya tashi. Ga shi an cire tamostat, inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, a mota mai injekta kwamfuta za ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta zuba mai, kai kuma kana ta kukan mota na shan fetur a wannan tsadar. Mafi muni, ainihin cutar tana nan an rufe ta. In a hanya ne abin ya same ka to ba laifi ka bar guntun wayar nan a soket ka isa gari, amma ka cire in ka kashe mota don kar batir ya sauka, kuma washegari ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da tsohon switch ɗin a hannunka, ka dace zare da yawan ƙafa da lambar zafi. Ka ɗaura shi inji na sanyi, da sabon wosha, ka cika ruwa, ka bar inji na aiki har iska ta fita kuma ka ga fanka ta tashi ta tsaya da kanta ko sau biyu.

Murfin lagireto ma kar a raina shi, an rubuta 0.9 ko 1.1 a kan na motocin Japan, matsin nan ne ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120, robarsa ta mutu mota za ta dinga amai da ruwa alhali fanka na aiki. Kuma ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana tara tsatsa da farin dutse a cikin lagireto har ya lulluɓe kan switch ɗin, ka sayi kulan, wato ruwan lagireto na musamman, ka zuba.

In kuwa ka ga kumfa na ta tasowa a ruwa tun inji na sanyi, ko farin hayaƙi mai kauri a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko tiyo ya ƙame ƙam minti kaɗan da tayarwa, to gaskit ya riga ya tafi. Kashe ta, a ja ta zuwa gareji, kuma ka tsaya a kan sai an auna kan silinda an ga ko ya karkace kafin a sa sabon gaskit.