Yadda zaka gane gizo-gizo mai tsalle da kuma gidan da ya fito

Idan kaga ɗan ƙaramin gizo-gizo a jikin bango ko kan ganye da rana tsaka, yana tafiya yana tsayawa, ka matso kusa sai ya juyo gaba ɗaya ya ƙura maka ido, to akwai alamar mai tsalle ne. Masana suna kiran danginsu Salticidae, sunan da wani ɗan Ingila John Blackwall ya sa musu a 1841, kuma babu dangin gizo da ya kaisu yawa, nau'insu ya haura 6,000, sun fi yawa a ƙasashe masu zafi.

Ka fara da fuska, kar launi ya ɗauke maka hankali. Idonsa takwas ne amma huɗu ne a jere a gaba, biyun tsakiya manya ƙwarai kamar fitilun mota, na gefensu ƙanana, sauran huɗun suna can saman kai ta gefe da baya, biyu daga ciki ma sai ka lura sosai zaka gansu. Manyan nan dasu yake tantance abu da launinsa, ƙananan kuma aikinsu hango motsi, shi yasa da ka ɗaga hannu ta bayansa yake juyowa. Wani abin da yake burge ni, idon daga waje baya motsi, ta ciki ne yake juyawa, a wasu masu hasken jiki har zaka ga idon yana sauyawa daga haske zuwa baƙi lokacin da ya saita ka.

Akwai masu kama dasu da suke rikita mutane. Dangin Lycosidae suma suna da manyan idanu biyu amma akwai ƙanana huɗu a jere a ƙarƙashinsu, kuma a ƙasa suka fi gudu. Oxyopidae suna tsalle suma, saidai ƙafafunsu cike suke da dogayen ƙayoyi.

Sai jiki. Kashi biyu ne, kai haɗe da ƙirji sannan ciki, ƙafa takwas, kan yana da faɗi ta gaba kamar an yanke shi, jikin a dunƙule da gashi-gashi. Girmansu daga milimita 1 zuwa wajen 25, na can sama shine irin Hyllus giganteus na kudu maso gabashin Asiya. Kar kayi tsammanin ganin manyan cinyoyi a baya don yana tsalle, ruwan jikinsa yake turawa cikin ƙafafun baya da ƙarfi su miƙe lokaci ɗaya, kuma kafin ya tashi sai ya liƙa zare a inda yake tsaye, in ya kuskure abin farauta ya hauro ta zaren. Yawancinsu basa saƙa don kama ƙuda, ɗan farin buhu kawai suke yi a lungu ko cikin naɗaɗɗen ganye, nan suke kwana, nan suke saɓa, nan mace take ajiye ƙwai.

Namiji ko mace? Duba 'yan gajerun hannuwa biyu dake gefen baki, na namiji baligi bakinsu a kumbure yake, kuma shine mai ado, macen tafi girman ciki da launin ƙasa-ƙasa. Wannan yanada muhimmanci don sau da yawa zaka ɗauka iri biyu ne alhali miji da mata ne.

Yanzu sai gidan da ya fito. A rabon da masanin gizo Wayne Maddison yayi a 2015 an kasa dangin gida bakwai, wato ƙananan rukuni bakwai, kuma gidan Salticinae kaɗai ya kwashe sama da kashi 90 cikin 100, dan haka yawancin wanda zaka gani nan suke. Cikin waɗanda ake gani a jikin gini, nau'i uku ne suka bazu kusan duk ƙasashe masu zafi. Plexippus paykulli namijin baƙi ne da farin layi a tsakiyar baya. Menemerus bivittatus ruwan toka ne, jikinsa a shafe yake manne da bango. Hasarius adansoni namijin baƙi ne da ja a kewayen ido, hannuwan bakinsa fari tas.

A daji ne abin yake da daɗi. In kaga tururuwa da tafiyarta bata yi maka daidai ba, ƙirga ƙafafu, Myrmarachne yana ɗaga biyun gaba sama yana kaɗawa don a ɗauka gashin kan tururuwa ne, ya taka da shida, amma idanun nan suna tona masa asiri. Portia kuma, na gidan Spartaeinae, a Afirka da Asiya da Ostireliya, zaka rantse busasshen ganye ne, shi 'yan uwansa gizo yake ci, sai ya hau saƙar wani ya riƙa taɓa zaren kamar ƙwaro ya faɗa har mai gidan ya fito da ƙafarsa. Akwai Evarcha culicivora a kewayen tafkin Biktoriya a Kenya da Yuganda, wanda yafi son macen sauro da ta sha jini ta ƙoshi, ni kam ina ganin wannan ya cancanci a barshi ya rayu. Lyssomanes na nahiyar Amurka kore ne shar mai dogayen ƙafafu.

In kana son ka duba da kyau, kifa masa kofin gilas, ka zura takarda ta ƙasa, ka ɗauki hoto da waya ta fuska, ta sama, da ta gefe, ka ajiye rula kusa saboda girma, sannan ka sake shi inda ka same shi. Kar ka matse shi da yatsa, ba kasafai suke cizo ba sai an takura musu. Hoto zai iya kaika ga jinsi, wato kalmar farko ta sunan kamar Plexippus, amma tabbatar da ainihin nau'i yawanci sai an duba hannun bakin namiji ko al'aurar mace da na'urar ƙara girman abu, dan haka in baka da ita rubuta sunan jinsin kawai tare da wuri da ranar da ka ganshi.