Yadda Ake Tunkarar Cuta Mai Yaɗuwa da Wadda Ba Ta Yaɗuwa a Cikin Gida

Idan wani ya kwanta rashin lafiya a gidanka, fara da tambaya guda: wannan ciwon yana tsallakawa jikin wani, ko a jikin mai shi zai tsaya? Cuta mai yaɗuwa, irin su tarin fuka, ƙyanda da amai da gudawa, ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana da hanyar da take bi. Aikinka shi ne toshe hanyar. Wadda ba ta yaɗuwa kuwa, kamar hawan jini, ciwon suga da ciwon daji, sannu a hankali take girma a jiki, galibi ba tare da sallama ba. Ita awo take so tun kafin a ji komai. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan uku cikin kowace mutuwa huɗu a duniya wannan rukuni na biyu ne sanadinsu, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, don ba ya kayar da mutum da wuri.

Toshe hanyar mai yaɗuwa

Masu bin ruwa da abinci, wato kwalara, taifot da sauran gudawa, daga bayan gida suke fitowa su koma baki. A tafasa ruwan sha har ya yi minti 1 yana ɓararraka, a zuba shi a mazubi mai murfi wanda ba a tsoma hannu ciki. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan shiga bayi, bayan yi wa yaro tsarki, da kafin taɓa abinci.

Idan gudawa ta riga ta kama yaro, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, kuma tana iya yin hakan cikin sa'o'i. A narka ƙunshin ORS guda, wato garin haɗin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, a ruwa mai tsabta lita 1. In babu shi, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1, a shafe kan cokalin, kada a yi masa tozo. Nan ake yawan kuskure: gishirin da ya yi yawa yana janye ruwa daga jikin yaron, ya ƙara masa wahala. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya wuce awa 24 a zubar, a haɗa sabo. A ƙara da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba, kuma kada a daina ba shi nono. Ka matsi fatar cikinsa da yatsu biyu ka saki. In ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, idanu sun faɗa, ya kasa sha, to asibiti ba jira.

Masu bin iska sai a buɗe tagogi, mai tari ya rufe baki da hanci. Tarin da ya kai mako 2, musamman da rama da gumin dare, a kai kaki a gwada. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha. Mutum yakan ji sauƙi cikin makonnin farko ya ajiye magani, alhali ƙwayoyin da suka fi taurin kai suna nan da rai, kuma su ne za su dawo a matsayin tarin da ba ya jin maganin farko. Ƙyanda kuma takan yi kusan awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, shi ya sa allurar riga-kafi sau 2 ce kariyarta.

Zazzaɓin cizon sauro: gidan sauro mai magani kowane dare, sannan gwajin jini kafin shan magani, don ba kowane zazzaɓi ne nasa ba. Mura kuwa bairos ke kawo ta, maganin kashe bakteriya ba ya yi mata komai.

Awon wadda ba ta yaɗuwa

Hawan jini ba shi da alamar da za a dogara da ita. Mai jiran ciwon kai kafin ya auna yana iya fara ganin shanyewar ɓarin jiki. Ga yadda ake awon ya fito daidai. Kada a sha taba ko kofi minti 30 kafin nan. A yi fitsari, a zauna minti 5 baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Maɗaurin ya dace da kaurin dantse, domin wanda ya yi ƙanƙanta yana ɗaga lamba. A auna sau 2 da tazarar minti 1, a rubuta. Idan a ranaku biyu daban aka samu 140/90 ko sama, a ga likita. In ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko sarƙewar numfashi, a tafi a lokacin.

Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don lambarsa ta sauka. Maganin ne ya saukar da ita. Gishirin yini duka ya gaza giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da sinadarin ɗanɗano. Tafiya da sauri minti 150 a mako, a raba minti 30 kwana 5. Taba kuwa bari ake yi gaba ɗaya.

Ciwon suga ana gwada shi da safe bayan awa 8 ba a ci komai ba. Lamba 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, ko 7.0 ko sama a ma'aunin mmol/L, in ta maimaitu, ciwon ya tabbata. Mai shi ya duba ƙafafunsa kullum, har tsakanin yatsu, domin jijiyoyin ji suna mutuwa: ƙusa ta soke shi bai sani ba, sai gyambo ya kama.

Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe? Alamun shanyewar ɓarin jiki ne. A lura da lokacin da abin ya fara, kada a ba shi ruwa ko abinci don zai iya shaƙewa, a garzaya asibiti. Allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi take aiki.

Inda suke haɗuwa

Ciwon suga yana ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka sau 2 zuwa 3, saboda haka mai ɗaya a gwada shi ɗayan. Ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa, ƙarshensa kuma yana iya zama dajin hanta, don haka a yi wa jariri allurarsa cikin awa 24 da haihuwa. Dajin bakin mahaifa ma bairos ɗin HPV ne silarsa, kuma akwai riga-kafinsa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Akwai kuma waɗanda ake gudu a banza, abin da ke da ciwo ƙwarai. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa, ko ta yawu ko ta taɓawa. In ta kayar da mutum, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Da jijjigar ta lafa a juya shi gefe guda. In ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, a kai shi asibiti.