Yadda ake tace samfur da matatar sirinji kafin a saka shi a na'ura

Ɗan datti da ido bai gani ya isa ya toshe bakin kolom (siririn bututun da samfur ke bi) na HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfur, matsin na'urar ya yi ta hauhawa. Shi ya sa ake tacewa da ƙaramar matata da ake ɗaurawa a bakin sirinji. Sai dai matata tana iya cinye abin da kake nema, ko ta zuba nata sinadarin cikin samfur, don haka zaɓen tantanin da ke cikinta ya fi komai muhimmanci.

Tantanin nan iri-iri ne. Na PTFE, wani nau'in roba, na jure sinadarai masu narkarwa da asid mai ƙarfi, amma irin na asali ba ya barin ruwa ya wuce sai an fara jiƙa shi da metanol. Nailan na ɗaukar ruwa da yawancin sinadarai, amma yana riƙe furotin, asid mai ƙarfi kuma na lalata shi. In samfurin furotin ne, nemi tantanin PES ko PVDF, su ma nau'o'in roba ne. Selulos asitet na ruwa ne, kada asiton ya taɓa shi.

Girman hujin tantani: maikiron 0.45 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ya wadatar wa HPLC na yau da kullum, 0.22 kuwa na UHPLC ne (HPLC mai matsi mafi ƙarfi) da kuma tare bakteriya, amma bairos na wucewa. Matata mai faɗin milimita 4 ta samfurin da bai wuce mililita 1 ba ce, mai milimita 13 ta har zuwa mililita 10, mai milimita 25 kuma ta har zuwa mililita 100. Babbar matata a ƙaramin samfur asara ce, ruwa mai yawa zai maƙale ciki.

Ka fara jan iska kamar mililita 1 cikin sirinjin, sannan samfurin, ka murɗa matatar ta kama gam. Juya bakin ƙasa, ka danna a hankali. In samfurin yana da yawa, zubar da ɗigon farko, kamar rabin mililita, domin shi ke kwaso abin da tantani ya saki. Iskar da ka ja da farko ita za ta koro ragowar ruwan.

In dannawa ta yi tauri, kada ka sa ƙarfi, matatar ta toshe ne. Sirinjin da bai kai mililita 10 ba yana tara matsin da zai iya fasa ta, datti ya wuce ba ka sani ba. Canza wata, ko ka fara juya samfurin a santirifuj (na'urar da ke juya samfur da sauri har datti ya kwanta), ko ka ɗauki matata mai zaren gilas a samanta. Kowane samfur da tasa sabuwar matata.