Yadda mai gyaran motarsa a gida zai zaɓi sufana da soket masu ƙarko

Wanda yake son ya riƙa yi wa motarsa ko janaretansa ƙananan gyare-gyare a gida, irin su juyen baƙin mai da sauya fulogi da ɗaure kan batir da canza taya, ba ya bukatar akwatin kayan aiki irin na babban gareji. Kayan da zai riƙa ɗauka kullum ba su da yawa, kuma a kan waɗannan 'yan kaɗan ɗin ne ya kamata kuɗinsa ya tafi, domin sufanar da ba ta kama noti daidai ba tana cinye kansa, kuma ciro notin da kansa ya cinye a jikin inji yakan ci kuɗin da ya fi na sufanar kirki.

Kafin ka shiga kasuwa, ka fara sanin lambobin da abin hawanka yake ci. Motocin Japan irin su Toyota da Honda, waɗanda su ne suka cika titunan Kaduna a yau, yawancin notocinsu lamba 8 ne da 10 da 12 da 14 da 17 da 19, duka a ma'aunin milimita. Motocin Turai, irin su Golf da Peugeot ɗin da aka fara harhaɗawa a Kakuri tun 1975, suna yawan bukatar 13 a wuraren da motar Japan take cin 12. Notin tayar Toyota galibi 21 ne, na Honda 19, na Golf kuma 17, shi kuwa fulogin mota yawanci dogon soket mai lamba 16 yake so. Idan ka rubuta waɗannan a takarda, za ka ga cewa akwatin nan mai guda ɗari da wani abu da mai shago zai fara miƙo maka, fiye da rabinsa ba za ka taɓa shi ba har ya yi tsatsa.

Sunayen da ake ji da su a wannan fanni sanannu ne. Akwai Snap-on na Amurka da aka kafa a 1920, da Facom na Faransa, da na Jamus irin su Gedore da Hazet na garin Remscheid, da Stahlwille da Knipex na Wuppertal, wanda shi Knipex filaya ce sana'arsa tun 1882. Babu mai musun ingancinsu. Sai dai wani ɓangare na tsadar Snap-on kuɗin hidima ne, domin a Amurka dillalinsu yana zagaya gareji-gareji da mota yana musanya abin da ya karye, kamar yadda kantunan Sears suka daɗe suna musanya kayan Craftsman. Mai saye a Kaduna zai biya wannan tsadar ba tare da ya mori musanyar ba, kuma mutumin da yake buɗe bonet sau ɗaya ko biyu a wata ba zai gajiyar da sufana irin gajiyar da makaniki yake yi mata ba. A ganina, matsakaitan kayan Taiwan irin su King Tony da Toptul, ko Stanley na ainihi, su ne suka fi dacewa da mai gyara a gida wajen soket da rachet (hannu mai haƙora da ake juya soket da shi) da sufana. Kayan Ingco da Total da ake ƙerawa a Sin, waɗanda suka yawaita a shagunanmu, suna biyan bukatar aikin gida idan ba a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ba.

Babbar matsala ita ce jabu. Buga sunan Jamus ko alamar Cr-V, wadda take nuna nau'in ƙarfe mai ƙarko, a jikin ƙarfe ba shi da wuya, don haka kada rubutun ya ishe ka shaida. Ka tafi da sabon noti mai lamba 10 da mai lamba 14 a aljihu, ka ce wa mai shago, “Alhaji, ka yi mini izini in gwada.” Ka saka notin a bakin sufanar ka girgiza shi da yatsa, idan ya zauna daram da ɗan motsi kaɗan, ta yi, idan kuwa yana rawa har kana jin ƙararsa, ka ajiye ta ko da me aka rubuta a jikinta. Ka leƙa cikin zoben sufanar ka ga ko kusurwoyinsa sun fito tsaf ko kuwa fentin azurfar ya taru ya dushe su. Ka shafa gefenta, domin ta kirki ba ta da kaifin da zai ci maka tafin hannu, kuma ɓawon azurfarta ba ya ɓarewa. Sufanar da ta yi kauri ƙwarai a baki sau da yawa alama ce ta cewa ƙarfen ba shi da ƙarfi, aka rufe aibinsa da kauri, kuma irinta ba ta shiga lungun inji.

Wajen soket, ka zaɓi mai kusurwa shida maimakon mai goma sha biyu, saboda mai shida yana kama gefen noti gaba ɗaya, abin da yake da muhimmanci ga motocin da suka sha ruwan damina notocinsu suka yi tsatsa. Rachet kuwa ka juya shi kusa da kunnenka ka ji ko haƙoransa suna tafiya bai ɗaya ba tare da tsallake ba. Mai haƙora 72 yana kamawa da juyin digiri 5 kacal, don haka ya fi daɗin aiki a matsattsen wuri. Kada ka zura masa bututu don kwance notin da ya ƙi. Wannan aikin doguwar sandar soket ce, mai bakin rabin inci.

Kayan gwanjo hanya ce mai kyau ga mai haƙurin bincike. A kasuwar Panteka ta Kaduna da wuraren masu sayar da kayan mota na hannu, akan ci karo da tsohuwar Gedore ko Facom a cikin tarin ƙarafa, kuma tsohuwar sufanar da bakinta bai buɗe ba ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne kayan da suka zo daga Amurka, domin da yawansu a ma'aunin inci suke. Sufanar rabin inci milimita 12.7 ce, wato ta yi wa noti 13 kaɗan, ta kuma yi wa 12 yawa, kuma a kan 12 ɗin ne take yin ɓarna saboda tana shiga kamar ta yi daidai.

Guduma da mazurarin mai da burushin waya da kwanon tarar baƙin mai, duk mai araha ya wadatar. Sukudireba ce ba a yi mata rowa. Yawancin sukurorin motoci da baburan Japan an yi su ne a kan ma'aunin Japan da ake kira JIS, wanda ya ɗan bambanta da na Phillips, wato sukuru mai kan giciye da aka saba da shi, duk da kamanninsu, shi ya sa sukudireba ta gama-gari take zamewa tana cinye kan sukurun kabureta. Irin ta kamfanin Vessel na Japan tana zama a ciki sosai. Sufana mai bakin da ake ƙarawa ana ragewa kuwa a bar ta wa aikin famfo.

Idan hali ya samu, ka ƙara da sufanar auna ƙarfin ɗauri. A ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, notin tayar Corolla 103 Nm yake bukata, na yawancin ƙananan motocin Honda 108 Nm, alhali mai faci da ya hau kan wilsufana da ƙafa yakan wuce haka da nisa, har zaren ya lalace. Bayan an gama aiki da irin sufanar awon da take yin ƙara idan ɗauri ya kai, a mayar da ita kan mafi ƙarancin lambarta kafin a ajiye. Haka nan jak na ɗaga mota ne kawai, ba a shiga ƙarƙashinta sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar nauyinta a kan daɓen siminti, an kuma tokare tayoyin da suke ƙasa. Daga watan Mayu zuwa Oktoba, lokacin da danshi yake yawa a Kaduna, a riƙa goge kayan da tsumma mai ɗan baƙin mai, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a kuma ɗiga wa kan rachet mai mara kauri, domin giris mai kauri yana riƙe ƙurar hunturu har haƙoran su daina kamawa.