Yadda ake jan layi a ƙarƙashin rubutu ba tare da an yanke wutsiyar haruffa ba

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagunan buga takardu na Tudun Wada a Kaduna ya san yadda muke son jan layi a ƙarƙashin kan wasiƙa. Sai dai haruffa biyar, wato g, j, p, q da y, suna da wutsiya mai sauka ƙasa da inda sauran haruffa suke zaune, kuma Hausa cike take da g, j da y. Idan ka zaɓi kalmar "gayyata" a Microsoft Word ka danna Ctrl+U, layin zai ratsa ta cikin wutsiyoyin nan uku, har g ta ɗauki kamannin q idan rubutun ƙanana ne ko tawadar firinta ta yi yawa. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba su da wannan matsala, domin lanƙwasarsu a sama take.

Manhajar Chrome tun 2018 takan tsinke layin a duk inda ya ci karo da wutsiya, amma Word ba ta yin haka, saboda haka gyaran yana hannunka.

Idan kan magana ne da ke zaune shi kaɗai, cire layin, ka sa masa iyaka ta ƙasa. Ɗora alamar rubutu a kansa, ka buɗe Borders and Shading, ka zaɓi layin ƙasa kaɗai, ka tabbatar an ɗora shi a kan sakin layi, sannan ka shiga Options ka ba shi tazarar maki (pt) 3 ko 4 daga rubutun. Layin zai sauka ƙasa da wutsiyoyin, kowane harafi ya fito sarai. Zai miƙe daga wannan gefen takarda zuwa wancan, amma kana iya gajarta shi ta hanyar matso da gefunan sakin layin a kan rula.

A tsakiyar jimla wannan dabara ba ta aiki. A nan sai ka danna Ctrl+D, ka canza launin layin zuwa ruwan toka, yadda baƙin harafi zai rinjaye shi. Ka guji layi biyu na Ctrl+Shift+D, domin ɓarnarsa ta fi yawa. A ganina ma, tun da jan layi gadon tafireta ne, wadda ba ta da rubutun tsutsa ko mai kauri, ya fi kyau ka bar jan layin, ka danna Ctrl+B don rubutu mai kauri ko Ctrl+I don rubutun tsutsa, sannan ka buga shafi ɗaya na gwaji kafin ka biya kuɗin sauran.